Shin Ibada Tana Cika Da Kayan Aro?

 Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, ga tambayar da za mu duba a wannan mako: idan ibada ta bukaci wani abu wanda sai da kuɗi masu yawa ake samunsa, ga mutum kuma yana son yin ibadar nan amma ba shi da hali, to, nauyin a wuyan wa yake? A wuyansa shi kaɗai, ko kuwa a wuyan jama'ar da yake zaune cikinsu?

Za mu fara neman amsa daga wurin Yahudawa, domin addininsu ya fi namu bukatar kayan ibada masu tsada, saboda haka tilas ta sa malamansu suka daɗe suna tunani a kan wannan matsala. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa mu da al'adar Yahudawa, alhali muna ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa? Amsa ita ce, zalunci sunansa zalunci ko wa ya aikata shi, kuma ba mu da niyyar wanke shi. Amma Alƙur'ani da kansa, cikin Suratu Ali Imrana, ya nuna mana cewa Ma'abota Littafi ba duka suka zama ɗaya ba, akwai wanda in an ba shi amanar dukiya mai yawa zai mayar, akwai kuma wanda ko dinari ɗaya ba zai mayar ba sai an tsaya a kansa. Annabi kuwa, mai tsira da aminci, ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Ashe ke nan duba halin kirki a wurin wasu bai rage wa Musulmi kome ba.

To, waɗanne ne kayan nan masu tsada? Na farko shi ne abin da suke kira tafillin. Wasu 'yan akwatuna ne biyu na baƙar fata masu madauri, ana ɗaura ɗaya a dantse, ɗaya a bisa goshi, lokacin addu'ar safe, ban da ranar Asabar da ranakun idi. Wanda ya gani zai ce laya ce, amma su a wurinsu umurni ne na Attaura a kan kowane namiji tun daga shekara 13. A cikin kowane akwati akwai sassa huɗu na Attaura, waɗanda ƙwararren marubuci, watau sofer, yake rubutawa da hannu a kan fatar dabbar da ta halatta gare su. Sharaɗi ne a rubuta haruffan bi da bi, har in an tsallake harafi aka ci gaba, ba dama a komo a cike gurbinsa. Saboda wannan wahala, tafillin mai sauƙin kuɗi yakan ci ɗaruruwan daloli, mai kyau kuwa ya wuce dala dubu. Uban da yake da 'ya'ya maza biyar sai ya yi wannan ɗawainiya sau biyar.

Na biyu shi ne naɗaɗɗen littafin Attaura wanda ake karantawa a majami'arsu. Haruffansa 304,805 ne, duk da hannu ake rubuta su, aikin yakan ɗauki kamar shekara guda, kuɗinsa kuwa dubban daloli ne masu yawa. Na uku shi ne kayan Idin Bukkoki, watau tohon dabino da wasu rassa iri biyu da wani irin lemo da suke kira etrog. Lemon nan shi ne Larabawa suke kira utrujja, wanda Annabi ya misalta mumini mai karatun Alƙur'ani da shi saboda daɗin ƙanshinsa da ɗanɗanonsa. Ba ya yi a ƙasashen sanyi, saboda haka Yahudawan da suka zauna arewacin Turai a zamanin da sai daga nesa ake kawo musu, har akan sami gari guda ya haɗa kuɗi ya sayi ƙwaya ɗaya tak.

Maganin da suka yi wa wannan tsada shi ne abin da suke kira gemak. Kalmar an gutsuro ta ne daga kalmomi biyu na Ibrananci masu ma'anar aikata alheri. Asalinsa asusu ne na ba da rance ba da ruwa ba, irin ƙungiyar da baƙin Yahudawa suka kafa a birnin Niyok na Amurka cikin 1892. Daga baya sunan ya game kowane wuri da ake ba da aron kaya kyauta. A unguwannin masu riƙon addini na Birnin Ƙudus da Niyok da Landan akwai gemak na tafillin, domin matafiyi da majiyyaci da wanda nasa ya ɓace ko aka kai shi wurin gyara. Akwai mai ba da aron Attaura da littattafan addu'a da gajerun kujeru ga gidan da ake zaman makoki na kwana bakwai. Akwai na rigunan amare, da na kayan da ake sa wa jariri ran kaciya, watau rana ta takwas. Galibi ba wani ofis ba ne, ɗaki guda ne a gidan wani, da littafin rubuta sunan wanda ya karɓa, kuma sau da yawa akan buɗe shi da sunan mahaifi ko mahaifiya da suka rasu domin ladan ya kai gare su.

Akwai ma aro wanda ya ƙetare teku. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tattara littattafan Attaura na garuruwan Bohimiya da Morabiya aka jibge a birnin Firag, masu su kuwa akasarinsu gwamnatin Hitila ta hallaka su. Cikin 1964 aka kai guda 1,564 majami'ar Wesminista a Landan. Waɗanda suka gyaru aka gyara, sa'an nan aka rarraba su ga majami'u a ƙasashe dabam dabam bisa sharaɗin aro. Ba a sayar ba, ba a kyautar ba, kowane yana da lambarsa, in majami'a ta rufe sai a mayar da shi.

Wannan shi ne tsarin. Amma mai hankali zai ga akwai matsaloli guda huɗu a ƙarƙashinsa, kuma a nan ne tambayarmu take.

Matsala ta farko ita ce ta mallaka. Shin Allah Yana duban abin da ke hannun bawa nasa ne ko na wani? Malaman Yahudawa sun ce tafillin na aro ya wadatar. Har littafin fiƙihunsu mai suna Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa cikin 1565, ya yarda mutum ya ɗauki mayafin addu'ar wani ba da saninsa ba, muddin zai ninke shi yadda ya same shi, bisa hujjar cewa kowa yana son a yi ibada da dukiyarsa. Amma kayan Idin Bukkoki, a rana ta farko, sun ce tilas su zama mallakar mai riƙe da su. Yaya ke nan talaka zai yi? Sai suka fito da kyauta bisa sharaɗin mayarwa: mai abu ya ba ka kyauta, ka yi ibadarka da shi yana naka, sa'an nan ka mayar masa kyauta. Talmud ya kawo labarin wani babban malaminsu, Gamliyel, wanda ya sayi tohon dabinon nan a kan kuɗin azurfa dubu, yana cikin jirgin ruwa tare da malamai uku, ya yi ibadarsa, ya ba na biyu kyauta, na biyu ya ba na uku, na uku ya ba na huɗu, wanda ya mayar masa. Wani zai kira wannan hila. Amma hila iri biyu ce: akwai wadda ake yi don a tsere wa haƙƙi, kamar mai ba matarsa dukiya gab da cikar shekara don kada zakka ta hau kansa, akwai kuma wadda ake yi don kada a bar kowa a baya. Ta farko tana rufe ƙofa, ta biyu tana buɗe ta.

Matsala ta biyu ita ce kunya, kuma ta fi ta farko nauyi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya zo masallacin idi da rigar aro, rabin hankalinsa yana ga salla, rabi yana ga idon mutane. Littafin Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 ta Miladiyya, ya ba da labarin cewa a wasu ranaku biyu na shekara 'yan matan Ƙudus sukan fita da fararen tufafi, kuma dukansu na aro suke sawa, 'yar mai kuɗi da 'yar talaka, don kada a kunyata wadda ba ta da nata. Ku dubi zurfin wannan hikima. Ba a ce mai shi ya ba marar shi kurum ba, sai aka ce kowa ya zama mai aro. Muddin talaka kaɗai ke aro, to, aro tambari ne a goshinsa. Ran da mai hali ya shiga layi ya ara, ran nan kunyar ta mutu.

Saboda wannan ne malamansu suka fifita rance da aro bisa sadaka. Musa ɗan Maimuna, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya yi aikin likita a Masar ya rasu can cikin 1204, ya kuma rubuta yawancin littattafansa da Larabci, ya kasa taimako zuwa daraja takwas. Wadda ya sa a sama duka ita ce a tallafi mutum kafin ya faɗi, ta hanyar kyauta ko rance ko haɗa jari ko samar masa sana'a, har ya wadatu daga roƙo. Dalili a fili yake. Mai karɓar sadaka hannunsa yana ƙasa, amma wanda aka ba aro an shaida masa cewa shi amintacce ne, an kuma bar masa wani aiki da zai yi, watau mayarwa.

Matsala ta uku ita ce amana. Asusun aro rijiya ce wadda ruwanta ba ya ƙarewa muddin kowa yana mayar da guga. Mutum guda da ya riƙe kaya ya hana mutum ɗari da ke bayansa, ya kuma sa mai bayarwa ya rufe ɗakinsa. Shi ya sa shari'ar Attaura ta tsananta wa mai aro fiye da mai ajiya da mai haya: shi ne ke biya ko da abin ya hallaka ba da laifinsa ba, sai fa in ya lalace ne cikin aikin da aka aro shi dominsa, ko kuwa mai abin yana tare da shi. Hujjarsu ita ce amfanin duka nasa ne, saboda haka hasarar ma tasa ce.

To, yanzu mu komo gida. Shin mu Musulmi baƙi ne ga wannan al'amari? Ko kaɗan. Suratul Ma'un ayoyi bakwai ne kacal, amma ta haɗa masu sakaci da salla da masu riya da masu hana ma'un cikin zargi guda. Waɗansu sahabbai sun fassara ma'un da zakka. Abdullahi ɗan Mas'udu kuwa ya ce a zamanin Annabi abin da suke ɗauka ma'un shi ne aron guga da tukunya. Ku lura, ya jama'a, an ambaci hana aron guga a wuri ɗaya da wasa da salla.

Cikin shekara ta 8 bayan Hijira, da za a fita yaƙin Hunaini, Annabi ya ari sulkuna wurin Safwanu ɗan Umayya, wanda a lokacin bai musulunta ba. Safwanu ya tambaya ko ƙwace ne, Annabi ya tabbatar masa aro ne mai lamuni. Da waɗansu suka salwanta ya yi masa tayin biya. Haka kuma da aka umurci mata su fita idi, Ummu Aɗiyya ta kawo maganar wadda ba ta da mayafi, Annabi bai ce ta zauna gida ba, sai ya ce 'yar'uwarta ta yafa mata daga nata. Imamu Buhari kuma ya buɗe babi a kan aro domin amarya, inda ya kawo cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana da wata riga a zamanin Annabi, irin wadda kuɗinta dirhami biyar ne, wadda duk matar da za a yi wa ado a Madina sai an aiko an are ta. Ashe ɗakin Uwar Muminai shi ne wurin aron kayan amare na Madina. Ita kanta ta taɓa aron sarƙar wuya wurin yayarta Asma'u, sarƙar da ɓacewarta ta zama sanadin saukar ayar taimama.

Malamanmu ma sun yi wa amana shinge. A mazhabar Maliku, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, mai aro yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa, irin tufafi da kayan ado, sai in an sami shaida cewa ya hallaka ba da sakacinsa ba, amma abin da ba ya ɓoyuwa, irin dabba, ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka. Shafi'iyya sun ce yana biya a kowane hali, Hanafiyya suka ce amana ce. Magabata kuma ba su bar abin ga son ran mutum ɗaya ba, sun mai da shi waƙafi. Ibnu Baɗɗuɗa, wanda ya shiga Dimashƙa cikin 1326, ya ga waƙafin yi wa 'yan matan talakawa kayan aure, ya kuma ga wani yaro bawa da ya fasa tangaran mai tsada, aka kai shi wurin mai kula da waƙafin kwanuka aka ba shi kuɗin sabo, don kada ubangijinsa ya doke shi.

Saura matsala ta huɗu, wadda masu yabon aro sukan manta. Aro yana iya zama turken almubazzaranci. Idan al'ada ta ɗora wa mutane kayan da Allah bai ɗora musu ba, sa'an nan aka buɗe wurin aronsu, to, an taimaki talaka ya kai ga al'adar, amma an ƙara wa al'adar tsawon rai. A nan ma akwai darasi cikin Talmud. An ce akwai zamanin da tsadar likkafani ta kai dangin mamaci suna ajiye gawa su gudu, sai Gamliyel, duk da arzikinsa da matsayinsa, ya yi wasiyya a binne shi cikin lilin marar ado, jama'a suka bi shi. Bai buɗe asusun aron likkafani mai tsada ba, ya karya tsadar ne daga sama. Saboda haka wajibi ne a rarrabe abu biyu. Abin da addini da kansa ya bukata, kuma tsadarsa daga wahalar aikinsa take, kamar rubutun hannu na shekara guda, maganinsa aro. Abin da gasa da alfahari suka ƙirƙira, maganinsa manya su fara barinsa.

Mu kuwa Allah Ya yi mana sauƙi ƙwarai. Salla ba ta bukatar kome sai tsarki da suturce al'aura, ƙasa duka masallaci ce, in babu ruwa ga taimama. Hajji sai ga mai iko, layya ma haka. Mafi yawan tsadar da ke danne talakanmu a sha'anin addini mu ne muka ɗora ta da hannunmu: akwatunan lefe, da kayan ɗaki, da ɗinkin salla, da hidimar suna. Da yawa 'yan mata suna zaune gidan iyayensu ba don rashin manemi ba, sai don uba bai haɗa gado da kujeru ba. Abin da ya rage mai tsada da gaske shi ne littattafan ilmi. Manyan tafsirai da sharhohin hadisi da ƙamusoshi sun fi ƙarfin ɗalibi, alhali suna jere a falon waɗansu, ƙura ta rufe su, ba a taɓa buɗe su ba. Wani malamin Talmud ya fassara alherin da ba ya yankewa da mutumin da ya rubuta littattafai masu tsarki yana ba da aronsu. Mu da muka san hadisin sadaka mai gudana da ilmi mai amfani, ai mu ne muka fi cancanta da wannan.

Kuma ba sabon abu za mu ƙirƙira ba. Wane ne a cikinmu ya taɓa sayen makara tasa ta kansa? Tana jingine a masallaci, sarki da talaka duk ita ke ɗaukarsu, ba wanda ya taɓa jin kunyarta. Butocin alwala ma haka. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan tunani daga mamaci zuwa mai rai. Kowane masallacin unguwa yana iya ware ɗaki guda, a ajiye littattafai, da tabarmi da kujeru da manyan tukwane na suna da ta'aziyya, da keken guragu da sandunan majiyyata. Mata su riƙe nasu ɓangare na tufafin amare da kayan ado. A naɗa amintacce, a buɗe littafi, a yanka wa'adi, wanda ya lalata ya gyara. Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne attajirin unguwa da limaminta su zama farkon masu aro, 'yar attajiri ta sa rigar da 'yar mai gadi za ta sa bayanta.

Amsar tambayarmu ke nan. Ibada tana cika da kayan aro, domin Allah zukata da ayyuka Yake dubawa, kuma duk abin da ke hannunmu, har ran da ke jikinmu, aro ne wanda Mai shi zai karɓa ran da Ya so. Wanda ibadarsa take cikin haɗari shi ne mai kayan da ya kulle su a akwati, maƙwabcinsa yana zaune gida ran idi saboda rashin riga. Nauyin yana wuyan jama'a, kuma ba zai sauka ba sai sun ba da aro ba da gori ba, sun mayar ba da jinkiri ba.

Allah Ya tsare mu daga zama masu hana ma'un, Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu.